Rahoton Ɗan Jarida daga Iyakar Jibiya: Tarke a kan Rubutun da Halin da Masu Yin Sa ke Ciki

Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce mu yi tarke a kan wani nau'in rubutu da ba a saba kawo shi gaban irin wannan taro ba, watau rahoton ɗan jarida. Malamanmu sun daɗe suna feɗe waƙa da ƙagaggen labari da wasan kwaikwayo, amma rahoton da Bahaushe yake saurara da asuba, ya kuma kwana da shi da dare, an bar shi kamar ba rubutu ba ne. A ganinmu rubutu ne, yana da zubi da salo, yana kuma da wanda ya yi shi. To, da yake ba a raba kaya da maƙerinsa, ba za mu tsaya ga kalmomin rahoton kawai ba, sai mun dubi wanda ya rubuta shi: wane ne shi, ina yake zaune, wa ya ɗauke shi aiki, kuma me ake biyansa.

Mun zaɓi iyakar Jibiya ne domin wuri ne da labari ba ya yankewa, sa'an nan kuma wuri ne da ake iya gwada abin da aka rubuta da abin da ido ya gani.

Jibiya da Rufe Iyaka

Jibiya tana yamma da birnin Katsina, tafiyar da ba ta kai kilomita 50 ba. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar mutum 169,748. Shingen hukuma yana Magama, daga nan sai Ɗan Isa a ƙasar Nijar, sai Maraɗi. Ba sai mun tsaya tuna wa mahalarta wannan taro ba cewa sarakunan Katsina na Haɓe ne suka kafa daular Maraɗi bayan jihadi, kuma layin da ya raba garuruwan nan Ingila da Faransa ne suka shata shi a farkon ƙarni na 20. Abin da ya dame mu a nan shi ne sau nawa aka toshe wannan hanya a zamaninmu.

An rufe ta a watan Afrilu 1984 zamanin mulkin soja na Janar Muhammadu Buhari, ba a buɗe ba sai 1986. Rufewar ta zo daidai da fari, har mutanen Nijar suka laƙaba wa yunwar wannan shekara sunan "El-Buhari". An sake rufewa ranar 20 ga Agusta 2019, da niyyar hana shigo da shinkafa 'yar waje da fitar da man fetur. A watan Nuwamba na shekarar aka hana kai mai ga gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, garin Jibiya kuwa yana cikin wannan tazara. Ranar 16 ga Disamba 2020 gwamnati ta buɗe iyakoki huɗu, watau Seme da Illela da Maigatari da Mfun, Ministar Kuɗi Zainab Ahmed ta ce sauran za a buɗe su kafin shekarar ta ƙare. Ba a buɗe Jibiya ba sai watan Afrilu 2022, wata 32 ke nan tana rufe. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 aka kuma rufewa saboda takunkumin ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, sai a watan Maris 2024 aka buɗe.

Duk wanda ya dubi wannan jeri zai ga cewa a cikin shekara biyar hanyar ta fi daɗewa a rufe bisa a buɗe. Wannan kuwa babban labari ne ga 'yan dako da direbobi da 'yan canji da masu sayar da abinci a tasha, da duk wanda cinsa ya dogara ga kasuwar Jibiya ta ranar Lahadi. To, yaya aka ba da shi?

Zubin Rahoton

Idan mutum ya jera rahotannin da aka riƙa bugawa ko karantawa da Hausa a kan wannan iyaka, abu na farko da zai lura da shi shi ne kusan duk zubinsu ɗaya ne. Jimlar farko ta hukuma ce: an kama buhun shinkafa kaza, jarkar mai kaza, motoci kaza, kuɗinsu ya kai naira miliyan kaza. Jimla ta biyu tana faɗin babban jami'in da ya bayyana haka ga manema labarai, galibi a ofishinsa da ke birnin Katsina. Sauran rahoton kuwa maganarsa ce, ana ta sauya "ya ce" da "ya ƙara da cewa" da "ya kuma yi kira ga". A ƙarshe sai gargaɗi ga 'yan fasa-ƙwauri. Ke nan rahoto ya cika, ba a ji bakin mutum ɗaya na Jibiya ba.

Abin lura a nan shi ne yadda ake amfani da lamirin "an". A Hausa "an kama" yana ɓoye wanda ya yi kamun, wannan kuwa ba laifi ba ne idan an san shi. Amma a waɗannan rahotanni har wanda aka kama ma ɓoye shi ake yi, ya zama buhu da jarka. Mai kayan ba shi da suna, ba shi da gari, ba a san ko dillali ne mai tireloli ko kuwa yaro ne ɗan fito da ya ɗauko buhu biyu a kan babur don a ba shi ladan dako ba. Kalma ɗaya, "'yan sumoga", ta haɗiye su duka. Mutanen iyaka kuwa sun bambance su sarai, domin suna da kalmar "fito" da suke nufin aikin ƙetarar da kayan wani da ita, kuma kowa ya san ɗan fito ba shi ne mai dukiyar ba. Rahoton da ya kasa kawo wannan bambanci ya gaza a wajen harshe kafin ma a zo ga gazawarsa a wajen gaskiya.

Abu na biyu shi ne warin fassara. Yawancin waɗannan rahotanni ba da Hausa aka haife su ba. Takardar sanarwa ce da kakakin hukuma ya rubuta da Ingilishi, wakili ya rage mata tsawo, wani a ɗakin labarai ya juya ta zuwa Hausa cikin gaggawa. Shi ya sa ake samun jimlar da za ta yi layi huɗu kafin a kai ga aikatau, da lissafin kuɗin kaya har da kwabo, wanda ba ya gaya wa mai sauraro kome. Shi ya sa kuma sunan garin kansa yake fitowa da rubutun Turawa a tsakiyar jimlar Hausa, Ɗan Isa da Maraɗi su rasa ƙugiyarsu.

Abu na uku, wanda ya fi damun mu, shi ne rashin bin sawu. Alƙawarin da aka yi a Disamba 2020 misali ne mai kyau. Kanun labarai sun ce an buɗe iyaka, gaskiya ne kuwa ga mai kallo daga Abuja. Amma mutumin Magama ya ƙara wata 16 yana jiran tasa. Rahoton da ya dace da wannan lokaci shi ne na wakilin da zai riƙa komawa wata-wata yana tambayar me ya hana, yana ƙirga shagunan da aka rufe, yana tambayar farashin kwalbar fetur a hannun 'yan bumburutu. Irin wannan rahoto bai yawaita ba. Ba mu ce babu shi sam ba: jaridun Aminiya da Daily Trust da sassan Hausa na gidajen rediyon waje sun sha aika mutum har Jibiya, kuma an ga bambancin aikin. Sai dai akasari ana zuwa ne in jini ya zuba, kamar a watan Agusta 2021 da motar jami'an kwastan ta kutsa cikin jama'a a garin mutane suka rasu, ko a watan Maris 2022 da mutanen Shimfiɗa suka kwararo cikin Jibiya bayan an janye sojojin da ke tsaron garinsu. Da ƙura ta lafa sai a koma ga buhu da jarka.

Wane ne Wakilin?

Abu ne mai sauƙi mu tsaya nan mu ce 'yan jarida ragwaye ne. Mu ba mu yarda da haka ba. A tamu fahimtar, zubin rahoton hoto ne na sharaɗin aikin mai rubuta shi.

Bari mu ɗan koma baya. Sa'ad da aka kafa Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a watan Janairu 1939, editanta Malam Abubakar Imam malamin makarantar Midil ta Katsina ne aka ɗauko. Wannan ya zama tafarki: ɗan jaridar Arewa na farko ma'aikacin hukuma ne, mai albashi a ƙarshen wata, mai matakin girma, mai sa ran fansho. Haka abin ya ci gaba a gidan rediyon Kaduna daga 1962, da New Nigerian daga 1 ga Janairu 1966, da kamfanin Triumph na Kano daga 1980, mai buga Albishir da Alfijir. Kada a ɗauka muna cewa wancan zamani na 'yanci ne. Mai ba ka albashi shi ke riƙe da linzaminka, kuma a 1984, shekarar da aka rufe iyaka, babu gidan rediyo ko ɗaya a Nijeriya da ba na gwamnati ba. A shekarar ne ma aka ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar Guardian a ƙarƙashin Doka ta 4. Amma dai takunkumin wancan lokaci a fili yake, kowa yana ganinsa, mai karatu ya san bakin wa yake ji.

Daga 1992, da aka yi dokar da ta ba 'yan kasuwa damar kafa gidajen rediyo da talabijin, guraben aiki sun ƙaru ƙwarai. Kano ta sami Freedom Radio a 2003, wasu suka biyo baya har Katsina. Sai dai a daidai lokacin da sababbin ke buɗewa, tsofaffin da suka san albashi da fansho suna durƙushewa. Gwamnatin tarayya ta miƙa New Nigerian ga jihohin Arewa a 2006, ba a jima ba ita da Gaskiya Ta Fi Kwabo suka daina fitowa a kai a kai, ma'aikata na bin bashin albashi. An rufe Triumph a 2012. Watau yawan masu riƙe da katin aikin jarida ya ƙaru, amma yawan masu iya dogara da aikin don ciyar da iyali bai ƙaru daidai da haka ba.

Yau tsarin da aka saba shi ne jarida ta ajiye wakili ɗaya a jiha, ya zauna a babban birni. Jihar Katsina tana da ƙananan hukumomi 34. Wakilin nan shi ne na fadar gwamnati, shi ne na majalisa, na kotu, na 'yan sanda, na kwastan, shi ne kuma na Jibiya da Funtuwa da Daura. Wasu suna da albashi, ko da ba ya zuwa a kan kari. Wasu ana biyansu ne bisa yawan labarin da aka buga. Wasu kuma katin shaida kawai aka ba su, aka ce su nemi talla su ɗauki kamasho. Wani tsohon ɗalibinmu da ya sami aiki a wani gidan rediyo mai zaman kansa ya shekara yana karanta labarai ba tare da takardar ɗaukar aiki ba, abin da ake ba shi kuwa bai kai mafi ƙarancin albashi na lokacin ba, watau naira 30,000 da aka sa wa hannu a 2019. Da ya nemi kuɗin mota don ya je Magama ya ji ta bakin direbobin da motocinsu suka maƙale, sai aka tambaye shi wa zai ɗauki nauyin shirin.

To, a dubi lissafin da ke gaban irin wannan mutum. Zuwa Jibiya yana cin kuɗin mota zuwa da dawowa, wanda ya ninka bayan cire tallafin mai a 29 ga Mayu 2023. Yana cin yini guda. Hanyar kuma ta yi shekaru tana fama da 'yan bindiga, shi kuwa ba shi da inshora. A watan Satumba 2021 ma an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da Jibiya, ta yadda ko ta waya ba a iya tuntuɓar mutum. A ɗaya ɓangaren kuma ga taron manema labarai a cikin gari, an shirya takarda, an jera buhuna don ɗaukar hoto, in an tashi a miƙa ambulan da sunan kuɗin mota. Ƙa'idojin aikin jarida da aka amince da su a Ilori a 1998 sun hana ɗan jarida neman na-goro ko karɓarsa, kuma ba mu zo nan don mu halatta shi ba. Amma duk wanda ya auna waɗannan hanyoyi biyu ya san wadda za ta fi samun masu bi. Rahoton da ya fara da bakin jami'i ya ƙare da bakin jami'i, shi ne rahoton da ya fi araha ga wanda ya rubuta shi. An ƙara mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000 a Yuli 2024, amma wannan doka tana amfanar wanda yake da takardar ɗaukar aiki ne.

Masu Biya daga Waje

Akwai wani rukuni da ya sha bamban, watau wakilan gidajen rediyon ƙetare. Sashen Hausa na BBC ya fara aiki ranar 13 ga Maris 1957, na Jamus a 1963, na Muryar Amurka a 1979, na Faransa a 2007. Waɗannan sun fi biya, kuma da Hausa ake tsara rahotonsu tun daga tushe, da muryar mutanen da abin ya shafa a ciki. Ga su kuma da wakilai a ɓangarorin iyaka biyu, ta yadda mai sauraro kan ji Katsina ya ji Maraɗi a shiri ɗaya, abin da jaridun gida ba su cika yi ba. A nan ne aka fi jin labarin 'yan gudun hijirar Katsina da Zamfara da Sakkwato da suka kwarara jihar Maraɗi tun daga 2019.

Sai dai wannan rijiya ba tamu ba ce. A watan Agusta 2023 hukumomin sojan Nijar suka dakatar da rediyon Faransa, a Disamba 2024 suka dakatar da BBC na wata uku. A watan Maris 2025 umarni ɗaya daga fadar shugaban Amurka ya sa sashen Hausa na Muryar Amurka ya yi shiru, wakilansa na Nijeriya da Nijar suka wayi gari ba wurin aika rahoto. Idan mafi ingancin labarin iyakarmu ya dogara ga kasafin kuɗin wata ƙasa mai nisa, to ranar da ta sauya shawara sai mu koma ba mu san abin da ke faruwa a bayan gidanmu ba.

Giɓin da aka bari matasa masu wayar hannu ne suke cike shi a Facebook da WhatsApp. Su 'yan gari ne, sun san ɗan fito sun san mai kaya, Hausarsu ta kasuwa ce mai rai, kuma sau da yawa su ke fara fitar da labarin hari kafin kowa. Amma ba su da edita, ba su da albashi, wanda kuwa ya saya musu data yakan zama ɗan siyasa. Matsalar wakili ce ta sake dawowa da wata riga.

Wanda Ba ya Cikin Ɗakin

Mun faɗi inda wakili yake zaune, saura mu faɗi cewa kusan kullum namiji ne. Wannan ba Arewa kaɗai ya shafa ba: binciken da ake yi duk shekara biyar tun 1995 a kan matsayin mata a labaran duniya ya nuna a 2020 cewa kashi 25 cikin ɗari ne kawai na waɗanda ake ji ko ake magana a kansu a labarai mata ne. Amma a ƙasar Hausa abin yana da wata illa ta musamman, domin akwai zauren da namiji baƙo ba ya wucewa. Matar da ke dafa abincin sayarwa a cikin gida yara na kai wa tasha, wadda cinikinta ya mutu da aka rufe iyaka, da wadda 'yarta ke aure a Ɗan Isa, da wadda ta gudo daga Shimfiɗa da goyo, duk sai mace ce za ta zauna da su su saki jiki. Arewa ta fitar da mata 'yan jarida na gaske, irin marigayiya Hajiya Bilkisu Yusuf wadda ta yi editar Sunday Triumph da New Nigerian a shekarun 1980. Kuma a azuzuwanmu mata ba su yi kaɗan ba. Amma aikin da ba albashi tsayayye, ba lokacin tashi, ba hutun haihuwa, wanda kuma samunsa ya rataya ga bin ofisoshin manya ana jiran ambulan, ba aikin da iyaye ko miji za su saki 'yarsu gare shi da daɗin rai ba ne. Waɗanda suka daure sukan ƙare a ɗakin watsa shiri, a ba su filin mata da yara ko gaishe-gaishe.

Namu Laifin

Ba zai kyautu mu tashi ba mu taɓa kanmu ba. Sassan koyar da aikin jarida a jami'o'inmu da kwalejojin kimiyya da fasaha da Ingilishi suke koyarwa, ɗalibi ya gama bai taɓa rubuta rahoto ɗaya da Hausa an gyara masa ba. Mu kuma a sassan Hausa muna koyar da nahawu da adabi da ɗan abin da ya samu na fassara, ba ma koyar da yadda ake yi wa mutum tambaya ko yadda ake tabbatar da magana kafin a faɗe ta. Sai gidan rediyo ya ɗauki ɗaya daga cikin biyun, ko wanda ya iya aikin bai iya harshen ba, ko wanda ya iya harshen bai iya aikin ba. Babu kuma wanda muke koya wa Faransanci gwargwadon da zai karanta sanarwar gwamnan Maraɗi ko takardar jami'an duwan, alhali rabin labarin Jibiya a can yake.

Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1955, ita ce ya wajaba ta tsaya a kan maganar takardar ɗaukar aiki da biyan albashi, kuma hukumar da ke ba gidajen rediyo lasisi tana da ikon tambayar mai neman lasisi yadda zai biya ma'aikatansa. Wannan ba a hannunmu yake ba. Abin da ke hannunmu shi ne manhaja. Muna ba da shawarar sassan Hausa na kwalejojin ilimi su shigar da darasin rubuta rahoto a cikin kwas ɗin fassara, a kuma sa ɗalibi ya kawo rahoto ɗaya daga garinsu wanda babu bakin jami'i a jimlarsa ta farko. Muna da ɗalibai 'yan Jibiya da Ƙaita da Mai'aduwa da Ɓaure, masu dangi a ƙetare, waɗanda ba sa bukatar kuɗin mota kafin su kai iyaka. A watan Fabrairu 2021 aka aza harsashin layin dogo mai tsawon kilomita 284 daga Kano zuwa Maraɗi, wanda aka tsara ya ratsa ta Jibiya. Maganar diyyar gonakin da layin ya bi ta kansu, da ta waɗanda aka ɗauka aikin da abin da ake biyansu, ita muka ba ɗalibanmu na shekarar ƙarshe a matsayin aikin gwaji na farko.